Hujjar Dimokuraɗiyya a Gaban Aƙidar Mulkin Babakere: Nazari a kan Ra'ayin Karl Popper

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1938 sojojin Hitila suka shiga ƙasar Ostiriya, aka haɗe ta da Jamus. A lokacin nan wani ɗan ƙasar mai suna Karl Popper, wanda aka haifa a birnin Biyana a 1902, yana koyar da falsafa a wata kwalejin jami'a da ke Christchurch a ƙasar Niyu Zilan, inda ya koma da zama a 1937. Wannan labari shi ne ya sa ya ƙudura niyyar rubuta littafin da aka buga a Landan a 1945 cikin juzu'i biyu, wanda za mu iya fassara sunansa da Buɗaɗɗiyar Al'umma da Maƙiyanta.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana hujjar da Popper ya kafa don kare dimokuraɗiyya, mu auna ta da abin da ya auku a tarihi, sa'an nan mu duba inda take da rauni. Dalilin da ya sa muka ga dacewar yin haka shi ne, masu ƙin dimokuraɗiyya ba duka ne jahilai ko 'yan ta'adda ba. A cikinsu akwai manyan masana, kuma hujjojinsu suna da nauyi. Wanda bai san waɗannan hujjoji ba, da wuya ya iya kare abin da yake cewa ya yi imani da shi ranar da aka tsare shi da tambaya.

2.0 Ma'anar Mulkin Babakere

Da farko ya kamata mu rarrabe tsakanin abubuwa biyu. Mulkin kama-karya tsohon abu ne a duniya: mai mulki ya riƙe iko da ƙarfi, ya karɓi haraji, ya hukunta wanda ya yi masa tawaye, amma yawanci ba ruwansa da abin da talaka yake tunani a cikin ɗakinsa. Abin da muke kira mulkin babakere kuwa ya wuce nan. Shi ne tsarin da jam'iyya ɗaya, ƙarƙashin jagora ɗaya, da aƙida ɗaya, take neman mallake kome da kome: makaranta da kasuwa, jarida da wurin ibada, ƙungiyar ma'aikata da zaman iyali, har da abin da mutum zai ɗauka gaskiya ne.

Kalmar da Turawa suke kiran wannan tsari da ita ta fito ne daga Italiya. Abokan hamayyar Musolini ne suka fara amfani da ita a 1923 don su zarge shi, shi kuwa ya karɓe ta a 1925 yana alfahari da ita. Hannah Arendt, a littafinta na 1951 a kan asalin wannan tsari, ta nuna cewa Jamus ta zamanin Hitila da Tarayyar Sobiyet ta zamanin Stalin su ne cikakkun misalansa. A ganinta ginshiƙansa biyu ne, watau aƙida wadda take da'awar ta bayyana dukan tarihi, da kuma tsoro wanda yake raba mutum da maƙwabcinsa har kowa ya zama shi kaɗai a gaban hukuma.

3.0 Hujjoji Uku na Masu Babakere

3.1 Hujjar Ilmi

Mafi tsufa a cikin hujjojin ita ce ta Aflatun, masanin falsafa na birnin Atina a ƙasar Girka, wanda ya rasu a shekara ta 347 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A littafinsa na Jamhuriya ya kwatanta gari da jirgin ruwa. Tuƙin jirgi sana'a ce mai bukatar sanin taurari da iska da yanayi, kuma ba mai hankalin da zai miƙa ta ga wanda ya fi iya lallashin jama'a. Haka nan mulki. Saboda haka ya kasa mutanen gari kashi uku, masu mulki da mayaƙa da masu sana'a, ya ce masana falsafa ne kaɗai suka cancanci mulki. Ya hana masu mulki da mayaƙa mallakar dukiya da iyali na kansu, ya sa a tace waƙoƙi da labaran da yara za su ji, har ma ya halatta wa masu mulki su ƙaga tatsuniya cewa an halicci wasu da zinariya, wasu da azurfa, wasu da baƙin ƙarfe da tagulla, don kowa ya yarda da matsayinsa.

Aflatun yana da dalilinsa. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa kotun jama'a ta Atina, mai alƙalai wajen 500, ta yanke wa malaminsa Sukurat hukuncin kisa. Wannan ra'ayi na shugaba masani bai tsaya a Girka ba. Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya gina littafinsa a kan birni nagari bisa irin wannan harsashi, Ibn Rushdi kuma ya yi wa Jamhuriya sharhi.

3.2 Hujjar Tarihi

Hujja ta biyu ta ƙarni na 19 ce. Masu ita suna cewa tarihi yana da dokoki kamar yadda tafiyar taurari take da su, kuma wanda ya gano dokokin ya san inda duniya ta dosa. Popper ya danganta wannan ra'ayi ga Hegel da Karl Marx. Marx ya koyar da cewa gwagwarmaya tsakanin azuzuwan jama'a ita ce take tura tarihi, kuma tilas jari-hujja ya rushe, ma'aikata su gaje shi. Lenin ya ƙara da cewa, a littafinsa na 1902, ma'aikata ba za su kai ga wannan fahimta da kansu ba sai da wata jam'iyya ta ƙwararru da za ta ja su. To, idan jam'iyya ta san ƙarshen tarihi, mece ce fa'idar tambayar jama'a? Amsar ta bayyana a aikace. A zaɓen majalisar tsara mulki na Rasha a watan Nuwamba 1917 jam'iyyar Lenin ta sami wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u, a watan Janairu 1918 kuwa aka rufe majalisar bayan zama ɗaya tak.

3.3 Hujjar Haɗin Kai

Hujja ta uku ita ce ta Carl Schmitt, masanin shari'a Bajamushe. A rubuce-rubucensa na 1923 da 1932 ya ce majalisa wurin surutu ne kawai inda ba a yanke kome, kuma ainihin siyasa shi ne rarrabe masoyi da maƙiyi. Al'umma, in ji shi, tana bukatar murya ɗaya wadda za ta yanke hukunci ranar da ƙasa ta shiga haɗari, jayayyar jam'iyyu kuwa raunana ta take yi. Schmitt ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, kuma a 1934, bayan Hitila ya sa an kashe wasu abokan tafiyarsa ba tare da shari'a ba, ya rubuta maƙala yana halatta kisan.

4.0 Amsar Popper

4.1 Sake Tambaya

Abu na farko da Popper ya yi shi ne ya ƙi karɓar tambayar da Aflatun ya gadar wa masana, watau wa ya kamata ya yi mulki. Duk wanda aka yi wa wannan tambaya zai ce mafi ilmi, ko mafi adalci, ko ma'aikata, ko jama'a baki ɗaya. Kowace amsa daga cikin waɗannan tana ɗauke da zato guda, cewa da zarar an sami wanda ya cancanta sai a sakar masa ragama. Popper ya ce tarihi ya nuna masu mulki nagari kaɗan ne, kuma ko nagarin ma suna kuskure, suna tsufa, suna mutuwa su bar wa wasu kujera. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: yaya za a tsara hukuma yadda mugun shugaba ko marar iyawa ba zai yi ɓarna mai yawa ba, kuma a iya kawar da shi ba tare da zub da jini ba?

Daga nan ma'anarsa ta dimokuraɗiyya ta fito. Gwamnatoci iri biyu ne: wadda talakawa za su iya saukewa ta hanyar zaɓe, da wadda ba ta sauka sai da juyin mulki ko yaƙi ko mutuwar mai ita. Ta farko ita ce dimokuraɗiyya. Ya kamata mu lura cewa wannan ma'ana ba ta ce jama'a sun fi kowa hikima ba, ba ta kuma ce masu rinjaye kullum suna kan daidai ba. Da haka Popper ya zare wa Aflatun makaminsa, domin sukar Aflatun duka ta dogara ne a kan jahilcin taro. Popper ya yarda taro yana kuskure. Abin da ya tambaya shi ne, idan sarki masani ya yi kuskure, wa zai faɗa masa, kuma wa zai tsayar da shi?

4.2 Ilmi da Kuskure

Tushen wannan amsa yana cikin nazarin da Popper ya yi wa kimiyya a littafinsa na 1934. A can ya nuna cewa ilmin kimiyya yana ci gaba ne ta hanyar kawo zato, a gwada shi, a yar da shi idan ya faɗi. Komai yawan fararen tsuntsayen da mutum ya gani, ba su isa su tabbatar masa cewa duk irinsu farare ne ba, amma baƙi guda ɗaya ya isa ya rushe maganar. Idan haka lamarin yake a kimiyya, inda ake da ma'auni da ɗakin gwaji, to ina ga siyasa? Kowace manufa ta gwamnati zato ce, kuma ba za a san ta ɓaci ba sai an bar waɗanda ta shafa sun yi magana. Aristo, almajirin Aflatun, ya riga ya hango wannan inda ya nuna cewa mazaunin gida ya fi magini sanin kyan gidan, mai cin abinci kuma ya fi mai dafawa sanin daɗinsa. Hausawa ma sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ashe 'yancin magana da na jarida da na hamayya kayan aiki ne na gano kuskure, kuma gwamnatin da ta kawar da su ta toshe hanyar da labarin gaskiya zai iso gare ta.

Game da hujjar tarihi kuwa, Popper ya kawo amsa mai sauƙin bi a littafinsa na 1957. Tafiyar tarihi tana canzawa gwargwadon ƙaruwar ilmin ɗan Adam. Ba wanda zai iya sanin yau abin da za a gano gobe, domin da ya san shi da an riga an gano shi. Saboda haka ba wanda zai iya sanin inda tarihi zai ƙare. Marx ya sa rai juyin ma'aikata zai auku a ƙasashen da masana'antu suka fi bunƙasa, sai ga shi ya auku a Rasha a 1917 da Sin a 1949, ƙasashen da yawancin mutanensu manoma ne.

4.3 Gyara Kaɗan-Kaɗan

Sakamakon wannan duka shi ne Popper ya fifita gyaran al'umma sannu a hankali a kan rushe ta don a gina sabuwa. Mai gyara kaɗan-kaɗan yana fuskantar cuta sananniya, kamar yunwa ko rashin aiki ko zalunci a kotu, ya gwada magani, ya duba sakamako, in bai yi ba ya janye. Mai neman aljannar duniya kuwa yana canza kome a lokaci guda, don haka idan abu ya lalace ba zai iya gane musabbabin ba. Daɗin daɗawa, tun da ya riga ya sa mutane sun yi hasara mai yawa saboda burinsa, amsa kuskure ya zama masa abin kunya da haɗari, sai ya ɗora laifin a kan maƙiya da 'yan zagon ƙasa. Ta wannan hanya ce kyakkyawar niyya takan kai ga gidan kurkuku.

5.0 Shaidar Tarihi

Bari mu auna wannan ra'ayi da abin da ya faru. A Tarayyar Sobiyet wani masanin noma mai suna Lysenko ya ƙaryata ilmin gadon halitta, ya yi alkawarin amfanin gona mai yawa, Stalin kuma ya goya masa baya. An kama Nikolai Vavilov, babban masanin tsirrai na ƙasar, a 1940, ya mutu a kurkukun Saratov a 1943. A 1948 aka haramta koyar da ilmin gadon halitta gaba ɗaya, kuma ba a rabu da Lysenko ba sai wajen 1965. Masanan da za su nuna kuskuren suna nan a ƙasar. Bakinsu ne aka rufe.

Misalin ƙasar Sin ya fi wannan muni. A 1958 Mao ya ƙaddamar da shirin Babban Tsalle, aka tara manoma cikin manyan gonakin haɗin gwiwa, aka sa su narka ƙarfe a bayan gida. Jami'an larduna, don tsoro, suka riƙa aika rahoton girbin da ba a yi ba, gwamnati kuma ta karɓi hatsi bisa lissafin ƙarya. Da ministan tsaro Peng Dehuai ya nuna damuwarsa a taron Lushan a 1959, sai aka tuɓe shi. Ƙiyasin masana game da waɗanda yunwar ta kashe zuwa 1962 ya kama daga miliyan 15 zuwa fiye da miliyan 40.

Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya wanda ya sami lambar Nobel a 1998, ya kwatanta wannan da ƙasarsu. Yunwar Bengal ta 1943, a ƙarƙashin mulkin Ingila, ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3. Tun da Indiya ta sami mulkin kai a 1947 ba a sake yunwa mai irin wannan girma ba, ko da yake an yi fari mai tsanani, kamar na jihar Maharashtra a farkon shekarun 1970. Bayanin Sen shi ne, gwamnatin da take fuskantar zaɓe da jaridu da 'yan hamayya ba ta iya ɓoye yunwa, ba ta kuma iya yin biris da ita. Amma shi da kansa ya nuna cewa dimokuraɗiyyar Indiya ta daɗe tana haƙuri da rashin abinci mai gina jiki wanda yake cin mutane a ɓoye, domin irin wannan ba ya tada hankalin jarida.

Sai kuma batun sauke shugaba. A watan Yuli 1945 mutanen Ingila suka kayar da jam'iyyar Churchill a zaɓe, watanni biyu bayan ya kai su ga nasara a kan Jamus, ya kuwa sauka. Hitila bai bar mulki ba sai da Jamus ta zama kufai. Stalin ya mutu a kan kujera a 1953, kuma sai a 1956 magajinsa Khrushchev ya iya ambaton laifuffukansa, a taron sirri. A Indiya, Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a 1975, masu zaɓe suka sauke ta a 1977. A yankinmu ma an ga jam'iyya mai mulki ta faɗi zaɓe ta miƙa mulki a Gana a zaɓen 2000 da Nijeriya a 2015.

6.0 Inda Hujjar Take da Rauni

Ba za mu ce ra'ayin Popper ba shi da abin suka ba. Na farko, masana da dama, kamar Ronald Levinson da Walter Kaufmann, sun nuna cewa ya tsananta wa Aflatun da Hegel, ya karanta su da idon wanda yake kallon Hitila. Wannan suka tana da ƙarfi, amma ta shafi tarihin falsafa ne. Ko da an wanke mutanen biyu, tambayar yadda za a sauke mugun shugaba tana nan.

Na biyu ya fi wuya. Yaya za a yi idan jama'a da kansu suka zaɓi mai babakere? A zaɓen Maris 1933 jam'iyyar Nazi ta sami wajen kashi 44 cikin 100, a ranar 23 ga watan kuma majalisa ta miƙa wa gwamnatin Hitila ikon yin doka ba tare da majalisar ba, bayan an kama ko an kori wakilan 'yan gurguzu. Zuwa watan Yuli an haramta dukan sauran jam'iyyu. Amsar Popper ita ce, tun da dimokuraɗiyya tana nufin ikon sauke gwamnati, to ƙuri'ar da ta kashe wannan iko ta fita daga cikinta, ko mutum nawa suka jefa ta. Ya ƙara da cewa al'umma mai haƙuri da kowa tana da haƙƙin kare kanta daga masu amsa hujja da bindiga, amma muddin ana iya fuskantarsu da magana, hana su magana wauta ce. Jamus ta Yamma ta bi irin wannan tafarki a tsarin mulkinta na 1949, kotun tsarin mulki kuma ta haramta jam'iyyu biyu, a 1952 da 1956. Sai dai mu lura, wannan makami ne mai kaifi biyu, domin kowane mai kama-karya yakan kira abokan hamayyarsa maƙiyan ƙasa. Shi ya sa hukuncin ya kamata ya zauna a hannun kotu mai 'yanci, nesa da hannun mai mulki.

Na uku, ana iya cewa ma'anar Popper ta yi ƙaranci. Zaɓe bayan shekara huɗu ba zai yi amfani ba idan an saye ƙuri'a, ko alƙali yana jin tsoro, ko talauci ya hana mutum sanin abin da ake ciki. Popper bai musa wannan ba. Ya kwatanta hukumomi da ganuwa, wadda kyan gini bai isar mata ba sai da masu tsaro.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa hujjojin masu babakere guda uku, ta ilmi da ta tarihi da ta haɗin kai, duk sun haɗu a kan zato ɗaya, watau akwai wani mutum ko wata jam'iyya da ta san gaskiya sanin da ba ya bukatar gyara. Mun ga kuma cewa kariyar da Popper ya yi wa dimokuraɗiyya ta tsaya ne a kan ƙaryata wannan zato, ba tare da ta ɗora wa jama'a hikimar da ba su da ita ba.

Atina ɗin da ta kashe Sukurat ta bar mana wani labari dabam. A shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa, taron jama'arta ya yanke cikin fushi a kashe dukan mazan birnin Mitilini saboda tawaye, aka tura jirgi da umarnin. Kashegari suka sake zama, aka yi muhawara, suka janye hukuncin da ƙaramin rinjaye, aka tura jirgi na biyu wanda ya isa kafin a zartar. An kashe waɗanda aka ɗora wa laifin tawayen, amma sauran mutanen garin suka tsira. Mutanen da suka yi kuskuren su ne suka gyara shi, domin tsarinsu ya bar ƙofar sake magana a buɗe. Aikin da ya rage wa masu nazarin siyasa a cikinmu shi ne su binciki abubuwan da suke riƙe wannan ƙofa, musamman kotu da jarida da hukumar zaɓe, su gano yadda ake raunana su tun kafin a kai ga rufe ta.